Dogon Idon Masahudu

Ranar da aka kai Masahudu mai hoto makwancinsa, matan unguwarmu sun cika ƙofar gidansa suna ta ambaton alherinsa, ni kuwa na zauna a tawa ƙofar ina tsince shinkafa. Titi ɗaya ya raba gidana da shagonsa a nan Zogbeli, cikin Tamale, taku talatin da ɗaya. A cikin shekara ashirin da shida da muka yi muna kallon juna, ban taɓa amsa gaisuwarsa ba. Allah ya jiƙansa, tunda haka ake cewa. Amma masu yabon nan bai raba su da uwayensu ba, ni ya raba da tawa, don haka a bar ni in ba da labarinsa yadda na san shi.

Sunana Kadiatu. Bafulatana ce, an haife ni a wata ruga bayan Sagnarigu, inda iyayena ke kiwon shanun mutanen gari. Ni ce 'yar farin uwata Fatu, kuma wanda bai san Fulani ba ba zai gane nauyin wannan maganar ba. Uwata ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta goya ni a gaban mutane ba, ba ta dube ni ido cikin ido ba. Kakata ce ta rene ni, a bukkar da ke kallon tata. Ni ma ba na ce mata Inna, Adda nake ce mata, kamar yayata. In ina tsakar gida sai ta juya mini baya ta gaya wa iska cewa akwai nono a ƙaramar ƙwarya in wani yana jin yunwa. Wannan wanin ni ce. Da shi na girma, kuma ina son shi, don shi ne duk abin da nake da shi. A cikin matan rugagen nan ba wadda ta kai Adda fulako, har misali ake yi da ita.

To, Masahudu. Ɗan Changli ne, ubansa maɗinkin batakari, rigar saƙi ta mutanen nan. Gajere, mai faɗin tafin ƙafa, da baki kamar an ɗaura masa rediyo. Uban ya so ya gaji allura, hannunsa ya ƙi zama. Ya yi shekara uku yana bin masu awon ƙasa a daji yana ja musu sarƙa, a can ya koyi ƙirga taku. In ya hangi bango daga nesa zai faɗa maka taku nawa ne, ka je ka ƙirga ka tarar haka ɗin ne. Wannan kaɗai ne iliminsa da ban taɓa musawa ba. Daga nan ya gangara Kumasi ya zauna wajen wani mai hoto, ya dawo Tamale shekara guda kafin a sauke tutar Bature, da kyamara a wuya da gajeren wando da safa har gwiwa, sai ka ce akawun kotu.

Kyamarar nan ido ɗaya gare ta, ɗan ƙarami kamar bakin ludayi, ba ya matsowa ba ya ja da baya. In kana son mutum ya cika hoto, ƙafarka za ta kai ka gabansa. Taku biyar na mutum ɗaya, tara na ango da amarya da ƙawaye, goma sha huɗu na dangi duka. A Tamale kuwa ba a tsayawa taku biyar daga dattijo a tsaye ƙiƙam. Sai ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya tambayi kwana da gida da gona da gajiya, ana amsawa da naa, naa, har gwiwa ta yi tsami. Sannan ya nemi izini, dattijo ya aika a ɗauko masa batakarin sallah, ya gyara hula, ya tofar da goro. Hoto ɗaya rabin awa. Amma in ya wanke shi, zaren rigar ma kana iya ƙirgawa, kuma ko a inuwar zaure ya ɗauka fes yake fita, don ƙaramin idon ba ya cin haske da yawa. A shekarun nan ba a biki ko suna a Zogbeli ko Changli ba da shi ba. Takalmi biyu yake kashewa a shekara, kuma tsofaffi suna sa masa albarka. Ba zan ci haƙƙinsa ba, a lokacin yana da ladabi, ko da yake ni na fi zaton kyamarar ce mai ladabin.

Na fara ganinsa ranar bikin 'yancin kai, ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Mun shigo gari a jere da ƙorai a ka, nono da wagashi, wato cuku, Adda a gaba ni can baya. Gari ya cika da tutoci da kiɗan lunga, kalangun ƙasar nan. Ya tare mu a bakin titi, ya durƙusa ya gaishe mu, ya ce yana son hotonmu don ranar ta tarihi ce. Sauran matan suka yi ta dariya suna gyara 'yan kunne. Adda ta zare faifan da ke kan ƙwaryarta ta rufe fuska, ta tsaya gefe har aka gama. Ya dube ta ya ce, to ba komai. Ina son a riƙe wannan. Ya san ta, ya kuma san ba ta so.

Shekara bakwai bayan haka wani direban babbar mota ya kawo masa sabon ido daga Takoradi, wai wajen wani ma'aikacin jirgin ruwa ya samo shi. Abu ne dogo mai nauyi kamar guntun taɓarya. Shi yana ce masa zum, mutanen gari suka sa masa dogon ido. In ya murɗa shi, mutumin da ke can ƙarshen fili sai ya taho har gaban hancinsa, in ya mayar sai filin duka ya shiga. Ranar da ya gwada shi rabin unguwa sai da suka leƙa, wata tsohuwa ta ce a'uzubillahi ta koma gida.

Daga ranar Masahudu bai ƙara durƙusa wa kowa ba. Me zai kai shi? In ya zo biki sai ya nemi tudu ko benci ko bayan mota ya haye, ya kafa taɓaryarsa yana murɗawa kamar mai harbin zabi. Ba sallama, ba neman izini. Cikin wata shida ya yi tumbi. Hotunansa ma suka canja. Da mutane suna fita a zaune da mutuncinsu, yanzu ga mai hamma, ga mai sakace, ga wani dattijo ya cusa loma ta fi ƙarfin bakinsa. Ya buga allo mai gilashi a ƙofar shago yana liƙa su, jama'a su taru suna nuna juna suna shewa. Wanda ya tsinci kansa a allon ya yi fushi, amma gobe zai dawo ya ga na maƙwabcinsa. 'Yan mata kuwa suka haukace a kansa, don dogon ido yana kama su a tsakiyar rawar tora, zani a sama, baki a buɗe da dariya, abin da ƙaramin ido bai taɓa yi musu ba. Hotunan ba su kai na da fitowa ba, gefensu kamar an shafa musu man shanu, kuma in rana ba ta take ba sai su yi duhu, amma wa ya damu.

A wannan shekarar aka sa ranar aurena da Zubeiru, dillalin shanu, Bahaushen zango mai gida a Zogbeli, dab da shagon. Ni na ga abina na ce ina so. Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali shi ne gidan yana kan hanyar da masu nono ke bi su shiga kasuwa. Na riga na tsara a raina: kullum da hantsi Adda za ta wuce ta ƙofata, ba za ta dube ni ba, amma za ta tsaya ta gaya wa iska cewa ga sauran wagashi in wani yana so. Ban nemi fiye da haka ba.

Zubeiru ya ce lallai sai an yi hoto, abokansa duk sun yi. Ubana Hammawa ba ya shiga maganar 'yar fari, don haka ƙaninsa, Baffa Mamadu, shi ne uban biki. Baffa ya aika aka kira Masahudu har ruga. Ina bayan zana ina ji, yana ta ce wa Baffa Mba, wato baba da Dagbanci.

"Mai hoto, an ce idanu biyu gare ka."

"Haka ne, Mba Mamadu. Akwai tsoho, akwai sabo. Sabon yana aiki sosai paa. Ina tsaye nan, zan kawo maka saniya daga can bakin rafi."

"Saniyata ta san hanya. Tsohon za ka kawo. Wanda ka zo gabansa ka gaishe shi ya yarda, ɗauke shi. Wanda ya kau da kai, ka bar shi. Mu nan akwai masu kunya."

"An gama, Mba. Sabon ba zai fita daga akwati ba ko kaɗan, koraa."

Yanzu zan faɗi abin da ban so faɗa ba, don in na ɓoye shi labarin ya zama ƙarya irin tasa. Kwana uku kafin biki na shigo gari da nono, na ratse na shiga shagonsa. Hausar Masahudu ba ta san mace ba, kowa kai ne ko shi a wajensa.

"Amaliya! Kai ne da kanka? Me ka ke so?"

Na ce masa ya zo da dogon idon a ɓoye. Na ce in an sa ni a mota, ya duba wajen dangwalin maruƙa, ko bayan bukkoki. Adda ba za ta fito cikin mutane ba, ba ta da hurumin fitowa, amma ina son in sani ko za ta ɗaga kai ta kalli motar. In ta kalla, ya ɗauka mini, ya ba ni a hannuna, ni kaɗai. Shekarata goma sha takwas ina kallon ƙeyar matar nan, ina son in ga yadda fuskarta take in tana dubana. Ya yi dariya ya buga ƙirji ya ce ko a Accra take zai kawo mini ita. Na sa shi ya rantse kan ba mai gani sai ni, ya rantse.

Ranar ɗaukar amarya damina ce, bayan la'asar, hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi lumshi. Duk yinin Masahudu ya yi abin kirki da ƙaramin ido, yana durƙusawa yana tashi yana nishi, don tumbin ya hana shi sakat. Da aka fito da ni a lulluɓe aka sa ni gaban motar katako, ban ga komai ba sai cikin mayafi. Daga baya aka ce mini ya haye bayan motar, wai zai ɗauki ayarin mata, ya juya baya ya canja ido. Muka tashi, ruwa ya tare mu kafin mu shiga gari.

Kwana bakwai ina ɗaki kamar kowace amarya. Ina jin hayaniya a titi kowace safiya, dariya da shewa, na ɗauka irin ta kullum ce. Ashe uwata ce a allo. Ya wanke hoton ya ƙara masa girma, ya liƙa shi a tsakiya, ya ɗauko kujera ya zauna gefensa yana bayani. Ga Fatu matar Hammawa, wadda ta rufe fuska da faifai shekara bakwai da suka wuce, ga ta a bayan kaɗanya, hannu a baki, tana kuka tana kallon 'yar farinta. Taku ɗari da goma sha biyu. Wane mai hoto ne a ƙasar nan zai iya wannan? Haka ya yi ta yi, wanda bai tsaya ba ma sai ya kira shi.

Mutanen gari dariya kawai suka yi, wasu ma suka ce abin tausayi, su ba su ga laifi ba. Matan ruga ne suka san abin da aka yi. Su da aka shekara ashirin ana ce musu ku dubi Fatu ku koyi kunya, ga Fatu a bango. Suka ajiye ƙorai suka kewaye allon, wata ta kwaikwayi tsayuwar, hannu a baki. A rana ta biyar Adda ta iso a ƙarshen jeri, ba wanda ya gaya mata komai. Aka buɗa mata hanya. Ta tsaya, ta duba, ta juya da ƙwaryarta a ka ta koma Sagnarigu ba ta sayar da ko ludayi ɗaya ba. Ƙofata tana nan taku talatin da ɗaya daga inda ta tsaya, ni kuma ina ciki ana shafa mini lalle ina jiran in ji muryarta.

Washegari Baffa Mamadu ya zo da sandarsa. Ya fasa gilashin, ya ɓamɓare hoton, ya tsallaka wajen mai ƙosai ya cusa shi a murhu, ya tsaya har ya cinye. Sai da aka gama wannan duka sannan Zubeiru ya gaya mini.

Na fita ko mayafi ban gyara ba. Na tarar da Masahudu yana share gilashi yana ƙunƙuni wai Fulani ba su san ci gaba ba. Na zage shi da Fulatanci, na zage shi da Hausa, na ari Dagbanci na ƙara. Na ce masa ɓarawo ne, ɓarawon ma matsoraci, wanda ke sata daga nesa don kada a kama hannunsa. Ya bari sai da na gaji, ya jingina tsintsiya.

"Amaliya, wa ya zo nan ya ce a kawo dogon ido? Baffanka ya zaɓi tsoho. Kai ka zaɓi sabo."

"Na ce ka ba ni a hannuna!"

"To zan ba ka. Fim yana nan, in wanke wani yanzu-yanzu. Hoto mai kyau haka, a ɓoye shi cikin akwati? Ai haram ne."

Na ce in ya sake wanke shi sai na fasa taɓaryar a kansa. Na tofa yawu a ƙofar shagon, na ce daga yau ko a lahira ya gaishe ni ba zan amsa ba. Na tsallaka titi na koma gida. Haka ya zama duk Tamale sun ga uwata tana kallona, ni kaɗai ce ban gani ba, kuma ni da bakina na hana.

Adda ba ta ƙara taka garin nan ba. Ƙannena ke kawo nononta. Da na je ganin gida bayan wata biyu, tana jin an ce ga ni nan ta ɗauki tulu ta yi rafi, ba ta dawo ba sai da na tafi. Na koma sau huɗu, sau huɗu tana ɗaukar tulu. An kama ta sau ɗaya, ta ƙudura ba za a sake ba, ta ninka kunyar har ta toshe 'yar kafar da take miƙo mini nono ta ciki. Ko ƙeyar da na raina ban ƙara gani ba. Ban sani ba ko ta san ni na aiki Masahudu. Shi dai, in faɗi gaskiya, bai taɓa gaya wa kowa ba, kuma wannan ma haushi yake ba ni, don ba na son ya yi mini alheri. Bayan shekara biyu suka tashi da shanu suka yi wajen Gushegu. Shekara uku da tashinsu aka aiko cewa zazzaɓi ya ɗauke ta, har an binne.

Shi kuwa dogon ido bai yi ƙarko ba. Damina huɗu ya yi, danshi ya shige shi, wani farin abu kamar saƙar gizo-gizo ya tsiro a cikin gilashin. Masahudu ya shanya shi a rana, ya kai shi Kumasi, aka ce ba magani. Ranar da na ji, na dafa shinkafa da kaza. Ya koma wa ƙaramin idonsa, amma gwiwar ta manta durƙuso, kuma dattawa sun riƙe abin a ransu. In ya matso taku biyar sai ka ga an juya kai ana magana da na kusa. A wani suna a Changli mai gida ya ce masa ya koma can nesa inda ya saba. Yara sababbi suka buɗe shaguna, biki ya koma hannunsu. Ya ƙare yana ɗaukar 'yan ƙananan hotuna na takardar makaranta da na masu tafiya Makka, mutum ya zauna a kujera gaban farin ƙyalle, shi yana taku uku daga gare shi yana cewa a ɗaga haɓa. A haka ya aurar da 'ya'yansa biyar, ya je Makka shi ma, ya dawo da haƙorin azurfa da sabbin ƙarairayi.

Kwana arba'in da rasuwar Adda, da hantsi, ina zaune a ƙofa, na ga ya rufe shago ya tsallako. Ina ƙirga takunsa ba da son raina ba. Da ya rage biyar ya tsaya, ya tuɓe takalmi, ya dafa bango ya durƙusa da ƙyar, ya yi mini ina kwana da Dagbanci.

"Dasiba, Amaliya. Ya haƙuri?"

Na kalli titi. Ya jira, ya sake gaisarwa, na ci gaba da kallon titi. Ya ajiye wata ambulan a kan tabarmata, ya miƙe yana nishi ya koma.

Kwana uku tana ƙarƙashin matashina. A na huɗu, da Zubeiru ya tafi kara, na fito tsakar gida inda rana ta fi ƙarfi na buɗe.

Ga kaɗanyar nan, na san ta, a kanta na karya hannu ina ƙarama. Ga igiyar dangwali. Ga wata mace rabin jikinta a bayan itacen, na gane zanen saƙin, na gane tsayin, na gane hannun da aka ɗaga zuwa baki. Amma fuska babu. Wani toka-toka ne kawai, kamar an dangwala yatsa a kunu an shafa. Ba ido, ba hanci, balle hawaye. Hadarin ranar ya cinye hasken, motar tana girgiza, dogon idon kuma dama can ba ya gani sosai. Na kai shi inuwa, na dawo da shi rana, na matso da shi har ya taɓa hancina, na nisanta shi. Ba ka ma iya cewa ga inda kan ya juya. Mai yiwuwa motar take kallo, mai yiwuwa maruƙa. Wato abin da aka kori uwata daga gari a kansa ke nan, ɗigon toka da bakin Masahudu. Da ya yi shiru, da ba wanda zai ce ga wadda ke jikin.

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka aiko da rasuwar. Na tsine wa dogon ido, da direban da ya kawo shi, da jirgin da ya ɗauko shi. Da ƙaramin idon ne, da na ƙirga gashin girarta. Sai dai ƙaramin idon sai an je taku biyar, kuma kafin ya yi goma ta rufe fuska da faifai. Na san wannan, ba sai an gaya mini ba.

Da yamma na tsallaka titin. Yana zaune yana goge kyamara. Ban yi sallama ba, ban gaishe shi ba, na riƙe alkawarina. Na ajiye hoton a kan teburinsa na ɗora yatsa a kan tokar.

"Ni take kallo?"

Ya ajiye kyamarar ya dubi inda yatsana yake.

"Fim bai riƙe ba," ya ce. "Haske ya yi kaɗan. Amma ni idona yana cikin gilashi, na gani. Ya bi motar da ido tun daga ƙofar ruga har kwana. Bakinsa yana motsi. Ni ban iya Fulatanci ba, Amaliya, amma suna ne. Sau uku ya faɗa."

Na ɗauki hotona na fita.

Masahudu maƙaryaci ne, kowa a Zogbeli ya sani. Ya ce ya ɗauki hoton zaki a Damongo, ya ce wani Bature ya roƙe shi ya bi shi Ingila ya ƙi, ya rantse wa Baffa ya karya, ya rantse mini ya karya. Mutumin da kyamararsa ta kasa ganin hanci a taku ɗari da goma sha biyu, shi ne wai ya ga motsin leɓe. Na juya maganar nan shekara ashirin da ɗaya, kuma duk ta inda na ɓullo mata sai in ga ƙarya ce irin wadda ake yi wa mai makoki. Sau da yawa na yi niyyar in tsallaka in sake tambayarsa, in ga ko zai canja adadin, in kama shi. Ban je ba, don ina tsoron in kama shi ɗin.

Yanzu an binne shi, kuma shi kaɗai ne ya leƙa gilashin nan a ranar. Da masu makoki suka watse na ajiye shinkafar na shiga ɗaki na ciro hoton daga ƙasan akwati. Ya ƙara dusashewa, zanen ma ya fara ɓacewa. Ban yafe masa ba, kuma ba na jin zan yafe. Amma na riƙe takardar a bakin taga, na kalli wurin da bakin ya kamata ya kasance, na faɗi sunana a hankali, Kadiatu, sau uku, yadda ya ce.